Neman shawara: Abokiyar aikina ta ce tsoron mutuwa ne ya sa nake sallah

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Ingila. Akwai wata Baturiya da muke aikin dare tare, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma tun zuwana ita ta riƙe ni. Ita ke duba mini marasa lafiyata idan zan je sallar asuba. Ba ta yarda akwai Allah ba, ba ta kuma ɓoyewa.

Shekaranjiya wani tsoho ya cika a hannunmu. Ta rufe masa ido, ni kuma na ce inna lillahi a hankali. Da muka zauna shan shayi sai ta ce, ba da faɗa ba, wai tausayinmu take ji, don addini maɓoya ce ta wanda ya kasa kallon mutuwa ido da ido. Ta ce masanin kimiyya Stephen Hawking ma ya faɗa a 2011 cewa aljanna tatsuniya ce ta masu tsoron duhu. Jarumi a wurinta shi ne wanda ya san in ya mutu shi ke nan, amma bai fasa kyautata wa mutane ba.

Bakina ya mutu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wallahi ina tsoron kabari. To ashe imanina tsoro ne kawai? In mayar mata da martani ne, in kai ƙararta, ko in ja jikina?

Amsar wata 'yar'uwa daga Katsina:
Ki ja jikinki kawai, gaisuwa da aiki. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yau ta sa miki kokwanto ɗaya, gobe biyu ne.

Amsar wani malamin Islamiyya daga Zariya:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki ji kunyar tsoron kabari. Sayyidina Usman idan ya tsaya a bakin kabari kuka yake har gemunsa ya jiƙe, kuma shi ne aka kewaye gidansa aka kashe shi ya hana a zubar da jinin Musulmi saboda shi. Malamai sun ce mumini tsakanin tsoro da fata yake tafiya.

Amma ki duba maganar tata da kyau. In da mutane ne suka ƙirƙiri addini don su samu barci mai daɗi, me ya kai su sa hisabi a ciki? Me ya kai su sa tambayar kabari, da siraɗi, da cewa haƙƙin wani ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe? Wanda ya ce in an mutu an gama, ai shi ne aka sauke wa nauyi. Ke kuwa an gaya miki ko maganin da kika yi sakaci da shi da ƙarfe ukun dare, ba wanda ya gani, za a tambaye ki. Sai dai kada ki juya ki ce mata ita ma tsoron hisabi ne ya sa ta musu. Ba ki shiga zuciyarta ba, kamar yadda ba ta shiga taki ba.

Amsar wani ɗan'uwa daga Jos:
Yaya, ki ba ta labarin Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi. A Yunin 2018, da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan yankin, ya ɓoye Kiristoci 262, mata a gidansa, maza a masallaci. Yana da shekara 83 a lokacin. Maharan suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya durƙusa yana roƙonsu, har ya ce a kashe shi a madadinsu. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi a kan haka. Dattijon nan ba shi da ko sanda, imaninsa ne ya tsayar da shi a ƙofar. Ki tambaye ta ko wannan mai tsoron duhu ne.

Amsar wani ɗalibin falsafa:
Labarin Liman ya taɓa ni, amma ina jin tsoron 'yar'uwa ta tafi da shi a matsayin makami, ita kuma Baturiyar ta kawo nata jerin marasa addinin da suka sadaukar da ransu, kuma akwai su. Maganar da ta yi tsohuwa ce. Masanin falsafa Bertrand Russell ya faɗa a laccarsa ta 1927 cewa tsoro ne tushen addini, Freud, masanin halayyar ɗan Adam, ma a shekarar ya ce ɗan Adam uba mai kariya yake nema a sama. Rauninta ɗaya ne: abin da ya sa mutum ya yarda da magana daban, gaskiyar maganar daban.

Kuma ƙarfin hali ya danganta da inda kake. A ƙidayar 2021, kashi 37 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce ba su da addini, Musulmi kuwa kashi 6.5. A can faɗin ba ka yarda da Allah ba bai ci maka komai, mai hijabi ce ke shan kallo. A gida akasin haka ne. Ban goyi bayan abin da Mubarak Bala, wanda ya ce bai yarda da Allah ba, ya rubuta kan addini ba, amma ɗaurin shekara 24 kotun Kano ta yanke masa a 2022. Kowane ɓangare na da matsorata da jarumai.

Malamin Zariya ya ƙara:
Ɗana, na yarda jarumta ba ita ce hujja ba. Hujja ilimi ce, shi ya sa nake son 'yata ta koma karatun tauhidi a gaban malami, ba guntayen bidiyo ba.

Amsar wata likita mazauniyar Ingila:
Ƙanwata, kada ki kai ƙara. Dokar daidaito ta 2010 ta kare mai addini da marar addini duka, kuma magana ɗaya irin wannan a wurin shayi ba lalle ba ne a ɗauke ta cin zarafi. In ta mai da abin sana'a tana muzanta ki gaban mutane, sai ki rubuta rana da abin da ta ce, ki je wurin shugabar sashenku. Amma matar da ke tsare miki aiki ki yi sallah ba maƙiyiyarki ba ce, kuma ban ga dalilin gudunta ba.

Ki tuna ita ma ta rufe wa mutum ido a daren nan. Mutane da yawa irin wannan magana bayan an yi mutuwa take fito musu, lokacin da abin ya taɓa su. Idan kun sake haɗuwa a aikin dare, ki gaya mata kai tsaye cewa maganar ta yi miki zafi, kuma e, kina tsoron mutuwa, amma ba don ki manta da ita kike sallah ba, don ki shirya mata ne. Sannan ki tambaye ta ita me ke riƙe ta idan mara lafiya ya mutu a hannunta, ki bar ta ta yi magana har ta gama.