Gajiyar da barci ba ya kawarwa: tambaya kan mahaifinmu mai cutar Parkinson

'Yar Mokoyo, wata unguwa a Maradi, ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga ma'aikatan lafiya da kuma waɗanda suka taɓa jinyar mai cutar Parkinson. Mahaifinmu tela ne, ya haura shekara 60, kuma shekara 3 ke nan da likita ya tabbatar masa da cutar, bayan hannunsa na dama ya fara karkarwa har zura zare a allura ya gagare shi. An ɗora shi a kan maganin levodopa, kuma alhamdu lillahi karkarwar ta lafa ƙwarai. Abin da ya ƙi tafiya shi ne gajiya. Yakan yi barcinsa lafiya lau, amma idan ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna a kan tabarma a zaure, ya jingina da bango, carbi a hannu, har kunun da aka kawo masa ya huce bai ɗaga ludayi ba. Idan na tambaye shi, yakan ce ji yake kamar ya wuni yana huɗa a gona, alhali ko keken ɗinkinsa bai taka ba. Wasu cikin dangi sun fara cewa son jiki ne tunda hannu ya daina rawa, wasu kuma suna zancen sammu. Maganar tana yi mini zafi, domin mutum ne da a da, idan Salla ta gabato, a kan keke yake kwana. Shin wannan gajiya tana cikin cutar ne, kuma me yake faruwa a ƙwaƙwalwa har ta haifar da ita?

Ma'aikacin lafiya daga unguwar Zariya ta Maradi ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Gajiyar da kika bayyana tana cikin cutar. Kusan rabin masu Parkinson suna fama da ita, wasu ma takan riga karkarwa zuwa, kuma tsananinta ba ya bin tsananin karkarwar, shi ya sa magani yakan kwantar da hannu ya bar gajiya inda take.

Tun da likitan Landan James Parkinson ya bayyana cutar a 1817, hankalin mutane ya fi karkata ga abin da ido ke gani, wato rawar jiki, sanƙarewa da nauyin motsi. Tushen waɗannan shi ne mutuwar ƙwayoyin jijiya masu samar da sinadarin dopamin a can cikin ƙwaƙwalwa, kuma wannan giɓi levodopa yake cikewa. Amma ƙwaƙwalwa ba sashe guda ba ce. Kafin Baba ya ɗaga ludayi, dole sashen da ke haifar da niyya, da sashen da ke shirya motsi, da wanda ke auna ƙoƙarin da aikin zai ci, su yi aiki a kan kari ɗaya. Ki tuna da gayyar noma: muddin makaɗi yana riƙe da kiɗa, manoma suna sara tare, kunya tana tafiya. Idan kiɗan ya rikice, hannuwa suna nan, hauya tana nan, amma kowace sara sai ta yi nauyi.

Masu bincike suna auna wannan jituwa da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta IRM, wadda a Najeriya ake kira MRI, ta wani salo da ke bin yadda iskar oksijin ke sauyawa a jinin ƙwaƙwalwa yayin da mutum yake kwance bai yin komai. Sassan da aikinsu ke hawa da sauka tare, su ake cewa suna da sadarwa mai ƙarfi. A 2016 likitoci a birnin Napoli na Italiya sun gwada marasa lafiyar da ba su fara shan magani ba, suka tarar cewa a masu gajiya, sadarwa ta yi rauni a sashen da ke shirya motsi kafin a yi shi, ta kuma yi yawa a rukunin sassan da ke aiki idan mutum ya yi zugum, hankalinsa ya koma cikin kansa. Kafin nan, a 2010, wani bincike a Landan da wata na'ura dabam ya nuna alamar raunin tsarin sinadarin serotonin a tsakiyar ƙwaƙwalwar masu gajiya, kuma wannan ba sinadarin da levodopa ke gyarawa ba ne. A ganina, waɗannan biyu sun isa amsa ga mai cewa son jiki ne.

Tsohon malamin makaranta daga Tibiri ya amsa:

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya. Ni kaina shekara 7 nake ɗauke da cutar, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gajiyar ba barci ba ce, domin idan na kwanta idona biyu. Ba baƙin ciki ba ne kuma, domin ina son in je ɗaurin aure, ina son in ɗauki jikana, amma sai in ji tazarar da ke tsakanin kujerata da ƙofar gida ta zama kamar tafiya zuwa Madarunfa a ƙasa. Har karatu takan shafa: in buɗe littafi, shafi biyu, kai ya cika.

Abin da ya taimake ni shi ne na lura da lokacin da maganina yake kan ganiyarsa, na mai da muhimman ayyukana can, na kuma daina tara su a wuni ɗaya. Da yamma idan rana ta yi sanyi nakan taka a hankali tare da ƙanena, kuma ranar da na yi tafiyar na fi jin dama washegari. Ku bar mahaifinki ya zauna kusa da kekensa ko da yanka kawai zai nuna wa yaran shago. Kada ku ce masa ya daure, domin daurewar yake yi tun asuba.

'Yar Mokoyo ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode, Baba. Na karanta wa yayyena amsoshinku. Yanzu babban wanmu yana cewa mu haɗa kuɗi mu kai shi Yamai a yi masa wannan hoton ƙwaƙwalwa domin a ga inda sadarwar ta lalace. Shin hakan ya dace?

Ma'aikacin lafiya daga unguwar Zariya ya sake amsawa:

'Yar'uwa, kada ku ɗora wa Baba wahalar wannan doguwar hanya saboda gajiya kaɗai, sai fa idan likitansa ne ya nemi hoton don wani dalili. Awon sadarwar kayan bincike ne, yana nuna bambanci tsakanin rukunin mutane da wani rukuni, ba ya yanke hukunci a kan mutum guda, kuma hoton IRM na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna wani abu na musamman a mai Parkinson.

Abin da ya fi amfani yana nan Maradi. A duba ko yana da ƙarancin jini, ciwon suga ko raunin thyroid, wato gaɓar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, a tambayi wadda ke kwana kusa da shi ko numfashinsa yana yankewa cikin barci, a kuma bincika damuwa, domin duk waɗannan suna ƙara gajiya kuma suna da magani. A auna matsin jininsa yana kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe tsaye, saboda cutar da maganinta duka suna iya sa matsin jinin ya sauka ƙasa idan mutum ya tashi, musamman a zafin bazara idan ba a sha ruwa isasshe ba. Ku kuma lura da abinci: nama, wake da nono suna iya rage shigar levodopa cikin jiki idan an haɗa su lokaci guda, haka ma ƙwayar ƙarin jini, don haka ku tambayi likita tazarar da za a bari tsakanin magani da fura da nono. Kada a ƙara magani ko a yanke shi ba da sanin likita ba, domin dakatar da levodopa farat ɗaya yana da haɗari.

Ki samo ƙaramin littafi, ki riƙa rubuta lokacin da ya sha magani, abin da ya ci, da sa'ar da gajiyar ta fi tsanani, har tsawon mako biyu, sannan ki tafi da shi ranar da zai koma ganin likita.