Wai su White Walkers ɗin nan na Game of Thrones mene ne ainihinsu?

Dan_Baba:
Salam jama'a. Na gama kallon Game of Thrones karo na biyu, sizin 8 ɗin gaba ɗaya, amma har yanzu abu ɗaya ya tsaya min a rai. Su White Walkers ɗin nan aljanu ne, ko fatalwa, ko mutane ne aka yi wa asiri? Tun farkon fim ɗin a 2011 da su aka buɗe, mutum uku masu gadin Katanga, wato babbar katangar ƙanƙarar nan ta arewa, suka shiga daji suka tarar da gawawwaki an jera su cikin ƙanƙara kamar zane, amma har aka gama a 2019 ban ji ɗayansu ya buɗe baki ya ce uffan ba. Me suke so ne wai? Don Allah wanda ya gane ya warware min.

Ummu_Hanan:
Wa'alaikassalam. Ai an nuna asalinsu a sizin 6 kashi na 5, wanda Hodor ya mutu a cikinsa, ƙila kuka ne ya hana ka lura. Bran ya ga abin da ya faru a can baya, Yaran Daji, wasu ƙananan halittu da suka riga mutane zama a ƙasar, sun ɗaure wani mutum a jikin bishiya sun toshe masa baki, sannan ɗaya daga cikinsu mai suna Leaf ta ɗauki baƙin dutsen nan mai kamar gilashi ta tura masa a ƙirji a hankali har idonsa ya koma shuɗi. Shi ne Night King, shugaban White Walkers ɗin. Da Bran ya tambaye ta dalili cewa ta yi yaƙi ake yi, mutane suna sare musu bishiyoyi suna karkashe su, dole suka nemi abin kare kai. Toh ka ga mutum ne aka mayar makami, daga baya makamin ya fi ƙarfin masu shi.

Kuma ka raba su da gawawwakin da ke bin su fa, mutane da yawa suna haɗa su. Gawawwakin ba su da hankali, tayar da su ake yi, wuta tana cinye su. Su Walkers ɗin kuwa sai baƙin dutsen, irin wanda Sam ya soki ɗaya da shi a sizin 3, ko ƙarfen Valyria kamar takobin Jon a yaƙin ƙauyen Hardhome.

Sarkin_Kallo:
Yaya Ummu na yarda da asalin, amma maganar makami kawai ban yarda ba wlh. Makami yana ƙulla yarjejeniya da mutum? Craster fa, mutumin nan da ke zaune bayan Katanga, shekara da shekaru yana ajiye musu jariransa maza a daji su kuma sun ƙyale shi da gidansa ba su taɓa shi ba, a sizin 4 kashi na 4 mun ga an kai jaririn can ƙuryar arewa an shimfiɗe shi kan ƙanƙara, Night King ya ɗauke shi ya ɗora masa farce a kumatu idon yaron ya juye. Wannan ai neman zuriya ne. Sannan kallon da Night King ya yi wa Jon a Hardhome kafin ya ɗaga hannu matattu su miƙe, wanda ba shi da tunani ba zai tsaya yana gwada wa abokin gaba isa ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne duk wannan suka watsar, Bran ya ce Night King yana son dare marar ƙarewa ya shafe tarihin mutane, shi kenan, sai Arya ta soke shi da wuƙa shi da rundunarsa duk suka tarwatse a dare ɗaya. Zanen nan mai murɗewa da suke yi da gawa ma, an ga irinsa a kogon Dragonstone, ba wanda ya zauna ya faɗi ma'anarsa.

Malama_Zee:
Ƙanina a littafin George R. R. Martin na 1996 abin ya sha bamban. Can Others ake kiransu, kuma suna magana, an ce muryarsu kamar fashewar ƙanƙara a tafki, har izgili suka yi wa Waymar Royce kafin su kashe shi. Dogaye ne sirara masu sulke mai canza launi, babu wannan fuskar tsohon da ta yamutse. Night's King na littafi kuma labarin zamanin da ne, kwamanda na 13 na masu gadin Katanga. Littafi 5 suka fito kuma ba a faɗi wanda ya yi su ba.

Dan_Baba:
Na gode ƙwarai. Ni dai hujjar Craster ta fi kama ni. Amma Yaya Ummu, in dutsen ne ya yi shi, me ya sa wutar Drogon, dodon nan mai aman wuta, ta lulluɓe shi a Winterfell ya fito yana murmushi? Yaran Dajin ne suka ba shi wannan ko daga baya ya samu?