Sayyid Baƙir Sadr: me ya haɗa shi da Saddam?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum, jama'a. Wai Sayyid Baƙir Sadr shi ne mahaifin Muƙtada na Iraƙi? Kuma me ya kai Saddam ga kashe malamin da aka fi sani da rubutu?

Abu Zainab: Wa'alaikumus salam. A'a, surukinsa ne, 'yarsa Muƙtada ya aura. Mahaifin Muƙtada shi ne Muhammad Sadiƙ Sadr, wanda aka kashe a 1999.

Shi Baƙir an haife shi a Kazimiyya ta Bagadaza a 1935, ya koma Najaf yana yaro, ya yi karatu wajen babban malamin Shi'a Sayyid Khu'i. A wancan lokacin 'yan gurguzu na kwashe matasan Iraƙi, har 'ya'yan malamai. Shi ya sa ya rubuta littafin Falsafatuna (Falsafarmu) a 1959, sai Iƙtisaduna (Tattalin Arzikinmu) a 1961, inda ya bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya kafin ya kawo tsarin Musulunci. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Musulunci ta Da'awa a ƙarshen shekarun 1950.

Malama Hauwa: Malam Ɗan Kurmi, ba rubutun ne ya jawo kisan ba. Bayan juyin Iran a Fabrairun 1979 ya fito fili ya goyi bayan Khumaini, ya kuma ba da fatawar haramta shiga jam'iyyar Ba'as mai mulki, wato ta su Saddam. A watan Yuni aka kama shi. Ƙanwarsa Amina, wato Bintul Huda, ta je hubbaren Imam Ali ta yi shela, mutane suka fito zanga-zanga, aka sake shi amma aka yi masa ɗaurin talala a gida. Ranar 31 ga Maris 1980 gwamnati ta sa hukuncin kisa kan duk ɗan Da'awa, har wanda ya daɗe da shiga kafin dokar. Washegari aka kai wa mataimakin firaminista Tariƙ Aziz hari a Jami'ar Mustansiriyya, aka ɗora laifin kan Da'awa. Ranar 5 ga Afrilu aka kwashe Sayyid da ƙanwarsa zuwa Bagadaza, cikin 'yan kwanaki aka kashe su.

A ganina an yi gaggawar auna Iraƙi da Iran. Sojan Shah, sarkin Iran, ya janye daga rikicin, na Ba'as kuwa bai girgiza ba, kuma manyan maraji'an Najaf, wato malaman da 'yan Shi'a ke bin fatawarsu, ba su shiga gwagwarmayar ba.

Abu Zainab: Haka ne. Ɗan Kurmi, in littattafan Sayyid Baƙir kake son karantawa, kada ka fara da littafinsa na manɗiƙi (ilimin kafa hujja) kan istiƙra'i (fitar da ƙa'ida daga misalai), zai gajiyar da kai. Fara da halƙa (mataki) ta farko ta Durus fi Ilmil Usul, littafinsa na tushen fiƙihu, a gaban malami. Halƙoƙin uku ne, ba a tsallakewa.