Hanci ya daina jin wari bayan mura

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan zaure. Mura ta kama maigidana tun shigowar hunturun nan, ta sake shi amma yau kwana 16 bai jin ƙamshin komi, ko daddawa a miya, tuwo ya ce kamar dussa yake ci. Mi za mu yi mishi?

Ɗan Bagalam: Allah shi ba shi lahiya. Ya yi surace da na'a-na'a.

Hajiya ta Zariya: Ƙanwata ni na sha wannan a 2020 lokacin korona. Wani mai tallar magani ya saida min amoksisilin na jikka 3 na shanye, babu abin da ya canza sai gudawa da ta biyo. Abin da ya tada min hankali, ranar nan butel ɗin gaz na zuba a kicin ina tsaye ban ji ba, sai da ɗiyata ta shigo tana kuwwa. Sannan na tahi wurin likita. Shi ya ce min harshena lahiya lau, ai ina jin gishiri da zaƙi da tsami da ɗaci, sauran daɗin abinci ta hanci yake zuwa, kuma antibiyotik ba ya kashe ƙwayar mura. Ya sa ni shaƙar kanumfari, ɓawon lemun tsami, turaren wardi da man zafi, kowane kamar sakan 20, sahe da marece har wata 3. Cikin wata na biyu soyayyen nama ya koma min warin ruɓa, na yi kuka wallahi, ashe hancin ne ke farfaɗowa.

Baban Yara: A tura mishi tafarnuwa cikin hanci, dare ɗaya.

Anti Anfirmiye (ma'aikaciyar jinya): Don Allah kar a yi, ƙona cikin hancin take. Ruwan gishiri na farmasi ya isa wanki. Mafi yawa cikin 'yan makonni yake dawowa, in ya wuce wata ku zo a duba shi.

Baban Yara: Kakata da ita ta yi mana magani, ku komi sai na farmasi.

Anti Anfirmiye: Baba ni nake ganin masu zuwa da kumburarren hanci.

Ɗan Bagalam: Hajiya gaz ɗin nan tiyo ne ya tsage ko kan butel ɗin? Namu ma yana ɗan wari.

Hajiya ta Zariya: Tiyo ne. Canza shi yau ɗana, kar ka kwana da shi.