Ina so in ga teku da kuɗin riɗina: wa ya taɓa bin hanyar Legas zuwa Gana?

Manomin Riɗi:

Assalamu alaikum jama'a. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Taura, jihar Jigawa, shekarata 27, ban yi aure ba tukuna. Bana Allah ya ba ni riɗi. Na kai Gujungu na sayar, na biya bashin taki, na ba Inna nata, na ware na huɗar baɗi. Abin da ya rage na ƙulle shi a gefe, don tun ina aji huɗu na firamare nake da buri ɗaya: in ga teku da idona. Iyakata Kaduna, ita ma sau ɗaya, rakiyar mara lafiya. Ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne na Tiga, sai ambaliyar da ta cinye mana gero a 2022.

Abin da nake shiryawa shi ne jaka ɗaya a baya, sati uku. In sauka Legas, in ƙetara Kwatano, in wuce Lome, in Allah ya yarda in kai Gana. Ina so in ga manyan birane, in kwana a garuruwan bakin ruwa, in hau jirgin ruwa in je tsibiri ko da ɗaya ne. Kuɗina ba na otal ba ne. Waɗanda suka san hanyar, me ake buƙata na takardu? Ina talaka ke kwana? Yaya ake yi da kuɗin ƙasa uku? Na iya iyo sosai, a kogin Haɗeja na girma, don haka ruwa ba ya ba ni tsoro.

Don Allah kada a ce in sayi ɗan maraƙi in turke. Baffana ya faɗa sau uku, na ji.

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Baffanka ba ƙarya ya yi ba, amma tun da ka ce a bar maganar, an bari. Ni ɗan ƙasar Wudil ne, na yi shekaru ina jan mota a wannan hanya kafin gwiwa ta zaunar da ni.

Fara da wannan: daga Kano zuwa Ikko, wato Legas, ya ninka daga Ikko zuwa Ankara nisa, Ankaran Gana nake nufi, wadda yaran yanzu ke rubutawa Accra. Kano zuwa Ikko kamar kilomita 1000 ne, sauran kuwa, da iyakoki uku a ciki, bai kai 500 ba. Wato gajiyar tana cikin ƙasarmu. Ka biya kuɗin kujera a tasha. Za a samu wanda zai ce maka ka hau saman tirelar shanu kyauta, ka ce masa ka gode. Na ga abin da na gani a hanyar Mokwa zuwa Jebba, ba zan faɗa a nan ba.

Takardu: fasfo ɗinka mai tambarin ECOWAS, da katin allurar shawara. Ba a neman biza, yarjejeniyar 1979 ta ba ka kwana 90 a kowace ƙasa ta ƙungiyar. Allurar sai ta kwana 10 a jikinka kafin katin ya fara aiki, don haka kada ka bari sai jajibiri. Kowace iyaka ka tabbata an buga maka hatimin fita da na shiga. Masu babur za su ce su zagaya da kai ta bayan gida ba tare da ɓata lokaci ba. In ka yarda, a iyaka ta gaba za a nemi hatimin da babu shi, kuma abin da ka yi tsimi za ka biya shi ninki. Iyakokin su ne Seme tsakaninmu da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao. Ita Aflao da ƙafa ma za ka isa daga cikin Lome, birnin a jikin iyakar yake. Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, su da Gana lokacinsu ɗaya.

Wurin kwana kuwa, Bahaushe ba ya rasawa a wannan hanya. A Ikko akwai Agege, Idi-Araba, Mil 12. A Kwatano akwai unguwar da sunanta ma Zango. A Ankara akwai Nima, Mamobi, Sabon Zango. Ka nemi masallaci, ka yi salla, ka gai da liman, ka tambayi gidan Sarkin Hausawa ko maigidan 'yan garinku. Da ɗan gari akan ci gari. Kakanninmu fatake da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja, su kai kanwa da fata da tufafi, su ɗauko goro daga Salaga, wata da watanni a hanya, kuma ba otal suka kwana ba. Zangon da suka sauka ne ya zama unguwa.

Na Zauna Kwatano:

Baba Direba, Allah ya ƙara lafiya, duk abin da ka faɗa na takardu haka yake. Amma a yi min afuwa, ina da ja a maganar zango.

Ɗan'uwa, ni daga wani ƙauye nake kusa da Ɗambatta, na yi shekara uku ina karatu a Kwatano, kuma na yi irin tafiyar da kake so da hutu, da jaka ɗaya. Kuskurena na farko shi ne na bi zango zuwa zango. Na kwana biyar a Accra, na ci tuwo, na sha koko da ƙosai, na yi hira da 'yan Kano a bakin masallaci, na dawo. Da aka tambaye ni yaya Gana, sai na ga Fagge kawai na gani, da kuɗin wata ƙasa a aljihu. Zango wurin sauka ne da neman labari, ka kwana ɗaya ko biyu ka fita. Sannan mutanen nan a takure suke, ɗaki ɗaya mutum biyar ko shida, haya mai tsada. Wanda ya zo neman aiki ko jinya daban, wanda ya zo buɗe ido daban. Ka riƙo musu tsaraba daga gida, ƙuli-ƙuli, daddawa, busasshiyar kuka, ko riɗin naka ma da aka yi kantu da shi, kuma ka sa hannu a kuɗin cefane ba sai an tambaya ba.

Inda kuɗinka zai tafi ba birni ba ne, bakin ruwa ne. A birni abinci da mota da arha. A Kwatano ka hau zemijan, 'yan acaɓarsu ke nan masu riga ruwan ɗorawa, ka yi ciniki kafin ka hau. A Accra ka shiga toro-toro, ƙananan bas. Amma garuruwan bakin teku farashinsu na Turawa ne. Dabarar ita ce ka kwana cikin gari inda masunta da malaman makaranta ke haya, ka taka da ƙafa zuwa ruwan. Minti goma na tafiya kan raba kuɗin ɗaki biyu. Kada ka je a Disamba, lokacin 'yan ƙasashen waje ke dawowa gida Legas da Accra. Kada kuma ka faɗa garin Wida na Benin wajen 10 ga Janairu, lokacin babban bikin gargajiyarsu na Vodun ne, ɗaki sai mai rabo. Daga tsakiyar Janairu zuwa Maris ya fi, babu ruwan sama sosai.

Maganar tsibiri, ba sai ka yi nisa ba. Tun a Badagry, kafin Seme, ana ƙetara ka da kwalekwale zuwa Gberefu, ka taka cikin yashi ta hanyar da aka bi da bayi har bakin teku. A nan na fara ganinsa. Kafin in gan shi na ji shi, wani irin rugugi kamar hadari yana tasowa daga gabas, amma ba ya zuwa kuma ba ya wucewa.

Wanda ba zan yafe maka ba in ka tsallake shi shi ne Ganbiye. Ka je Abomey-Kalabi, bayan Kwatano kaɗan, ka shiga jirgi a tafkin Nokuwe. Gari ne sukutum a kan ruwa, gidaje a bisa turaku, kasuwa a cikin kwalekwale, yaro ɗan shekara shida yana tuƙa kansa zuwa makaranta. Kakanninsu, Tofinu, gudun mafarautan bayi na Dahome ne ya kai su can. Kai da kake manomi, ka lura da yadda suke kafa rassan itace a cikin ruwa su kewaye wuri, kifi ya taru ya yi ƙiba a ciki. Gona ce, har da iyaka da mai ita. Ka jira a haɗa ku da wasu a jirgi ɗaya, kada ka ɗauki shata.

Daga nan Wida, hanyar bayi kamar kilomita 4 daga gari zuwa ƙofar tunawa da aka gina a bakin teku a 1995. Sai Garan-Popo, inda na fi jin daɗi a duk tafiyar. Da safe masunta ke jan koma daga cikin teku, mutum talatin ko fiye a igiya ɗaya, suna waƙa. Na kama igiyar na taya su, tafin hannuna ya saɓule, aka ba ni kifi huɗu.

Yanzu maganar da ta sa na yi wannan dogon rubutu. Ka ce ka iya iyo. Ni ma haka na ce, a dam ɗin Tomas na koya. A Garan-Popon nan na shiga, ruwa iya cinya, ina ta murna. Igiyar ruwa ta zo ta buge ni ta wuce, ba komai. Komawarta ce matsalar. Sai na ji yashin da nake takawa yana zarewa daga ƙarƙashin ƙafata, kafin in ce me, ƙafata ba ta taɓa ƙasa, kuma bishiyoyin kwakwa suna ƙanƙancewa. Na yi ta iyo zuwa gaɓa da duk ƙarfina, ina nan inda nake. Kogi gefe ɗaya yake jan ka, kuma ka san in ka bi shi za ka kama ciyawa a gaba. Wannan ciki yake jan ka, babu ciyawar kamawa. Wani masunci ne ya shigo ya fizgo ni, yana ta yi min faɗa da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na gane duka. Daga baya aka koya min cewa in ya ɗauke ka, ba a kokawa da shi, a gicciye ake iyo, a layi ɗaya da gaɓa, har a fita daga zirin da ke ja. Ni dai tun daga ranar iyakata idon sawu. In ka ga 'yan garin ba sa wanka a wuri, kai ma tsaya a kan yashi.

Kuɗi: Benin da Togo sefa ɗaya suke ci, Gana sidi. Ka sayi ɗan sefa a Wapa kafin ka bar Kano, sauran ka canza kaɗan-kaɗan, ka ƙirga a gaban mai canjin kafin ka miƙa naka. Kada ka dogara da katin banki. Kuma ka kiyayi kalmar dala. In Bahaushen Nijar a Zango ya ce maka dala ɗari, ba ta Amurka yake nufi ba, a lissafinsu dala ɗaya sefa 5 ce, wato sefa 500 ke nan, jaka ɗaya kuma 1000. Ranar farko na kusa barin mai shayi da shayinsa.

Hajiya Mai Atamfa:

Ƙanena, ni daga Lome nake saro kaya, ta wajen Bici nake. Maza sun yi maganar hanya, bari in yi ta jaka. Zafin can ba irin namu ba ne, gumi ne da ba ya bushewa, ka shanya riga da daddare ka tashi ka same ta da danshi. Ka ɗauki kaya marasa nauyi kala uku, ka bar shadda mai sitaci a gida. Gidan sauro dole, silifas, ɗan tocila, leda mai kauri ta waya da fasfo don iskar teku tana cin ƙarfe. Kuɗi kashi uku, wuri uku, ɗaya a ɗinke cikin wando. Garin rogo da ƙuli da sukari suna tsare mutunci ranar da aljihu ya yi sanyi.

Abinci, in kana shakkar nama ka ci kifi, ga shi nan ko'ina. Wakye na Gana shinkafa da wake ne, sunan ma daga bakinmu aka ɗauka. In aka miƙo maka wani farin ruwa a ƙaramin kofi a Benin ko Togo aka ce sodabi, giya ce, ka ce na gode. In ka ji Bahaushen Gana ya ce da mace "ya zo", kada ka yi dariya, Hausarsu ke nan. Alƙibla kuma ba wuya, teku na kudu, ka sa shi a hannun damanka ka ɗan karkata hagu.

Ka kira Inna kullum da magariba. Ba don kai ba.

Tsohon Direba:

Yaron Ɗambatta ya yi gaskiya a maganar tsaraba, na karɓa. Ƙari ɗaya, ɗana. In kuɗi ya kai ka Ankara, ka daure ka shiga mota a Kaneshi zuwa Kef Kos, daga nan Elmina ba nisa. Akwai wani katafaren gida a can da aka riƙa tsare bayi a cikinsa, Turawan Fotugal suka gina shi a 1482. Sau da yawa ina wuce shi da kaya ban shiga ba, sai a tafiyata ta ƙarshe. Akwai ɗakunan ƙasa da aka tara mutane, da wata 'yar ƙofa da sai ka karkace za ka fita, tana kallon ruwa. Da yawa daga waɗanda suka bi ta nan daga arewa aka gangaro da su. Na fito ban iya cin abinci ba sai dare.

Manomin Riɗi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na fasa tirela, da ma ita na yi niyya, ban dai faɗa ba. Yaya na Ɗambatta, na karanta labarin Garan-Popo sau biyu, na janye maganar iyo. Da na sake lissafi da abin da kuka faɗa, na ga sati uku har Gana zai cinye har da kuɗin huɗa, don haka bana zan tsaya a Lome, in leƙa Aflao da ƙafa in kuɗin hatimi bai gagara ba, Elmina sai wata shekara. Jibi zan shiga Kano neman allurar. Hajiya, na gaya wa Inna. Ba ta ce komai ba, sai dai ta aiki ƙanwata gidan mai daddawa, kuma ta ce in zo mata da ruwan tekun a gora, tana so ta ɗanɗana ta ji ko da gaske gishiri ne. Ana barin mutum ya ƙetare iyaka da shi?