Neman shawara kan teburin karatun 'yata

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da kafintoci da duk wanda ya taɓa fuskantar irin wannan matsala, domin na shafe makonni ina jujjuya ta ban kai ga matsaya ba.

'Yata shekararta 8, tsawonta santimita 126, kuma a kan teburina mai tsayin santimita 75 take yin aikin gida. Idan ta zauna, ƙafafunta suna reto ne ba sa taɓa ƙasa, kafaɗunta kuma su ɗage, wani lokaci har ta kwantar da haɓarta a kan littafi tana rubutu. Kwanan nan ta fara kukan ciwon wuya, abin da ya tayar mini da hankali ƙwarai.

Na fahimci cewa ya kamata tafin ƙafa ya zauna daram a ƙasa, gwiwar hannu kuma ta yi daidai da saman tebur, kuma da na auna ta tana zaune a kan kujera mai santimita 35, sai na ga tebur mai kimanin santimita 59 ne zai dace da ita. Inda na maƙale shi ne saurin girmanta. Shin in sa kafinta ya haɗa mata na katako daidai da tsawonta na yanzu, ko in sayi mai ƙafafun ƙarfe da ake ɗagawa a sauke, wanda nake fargabar zai riƙa girgiza idan ƙusoshinsa suka saki?

Bahaguwa ce kuma, tagar ɗakin tana gefenta na dama. Shin hasken ya wadatar, ko sai na ƙara mata fitilar tebur?