Ina zan samu taswirar da ta ɗora tsofaffin birane a kan jihohin yau?

Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma mako biyu ke nan na maƙale a darasi guda. So nake ɗalibai su nuna tsofaffin birane a taswira, sannan su jera su bisa zamani.

Jerin shekarun na samu: Surame, birnin Kanta sarkin Kabi, a ƙarni na 16, hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804, faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, shigar Turawa Kano da Sakkwato a 1903. Wurin taswira ne abin ya cakuɗe. Yara suna jin Kabi sai su sa Surame a Jihar Kebbi, alhali kufansa yana cikin Jihar Sakkwato. Ngazargamu, tsohon babban birnin daular Borno, ma haka, duk suka kai shi Jihar Borno, shi kuwa yana Yobe. Da na ce Gobirawa sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sai wata ta tambaye ni ko Gobir ta Nijar ce. Ban ga laifinta ba.

Na gwada taswirar littafin aji, dauloli kawai ta zana, babu iyakokin yau. Ta waya kuma ko ta kawo wani ƙauye mai irin sunan, ko ta ce babu. Na zana da hannu a allo, tazarar ta ƙi fita daidai.

Don Allah, ina zan samu taswira guda da ke nuna waɗannan biranen a kan iyakokin jihohi da ƙasashen yanzu, wadda zan iya bugawa in raba wa ɗalibai?